Sannu da Aiki ko Sannu da Hutawa?

Wanda ya ratsa ƙauyukan Dogo-Dogo a cikin watan Maris, lokacin da kaka ta daɗe da wucewa, hunturu ya kau, zafin bazara ya fara leƙowa, zai tarar da abin da ido ya saba da shi har ya daina lura. Da hantsi, a gindin bedi ko a ƙarƙashin rumfar kara, dattawa uku ko huɗu suna zaune. Ɗaya ya danne bakin igiya da babban yatsan ƙafa yana tufka, ɗaya yana saƙar zana, wani kuma yana fiƙe ƙotar hauyar da ba za a neme ta ba sai bayan wata uku. A bayan darni wata tsohuwa ta yayyafa wa kaba ruwa, ta miƙe ƙafafu tana saƙar tabarma. Hira tana tafiya, wani lokaci ta mutu, hannuwa kuwa ba su tsaya ba.

Baƙon da ya iso dole ya yi gaisuwa, kuma Hausa ta tanadar masa guda biyu: sannu da aiki, ko sannu da hutawa. Wace ce ta dace da waɗannan mutane? In ya ce sannu da aiki za su amsa. In ya ce sannu da hutawa, nan ma za su amsa, ba wanda zai ga an raina masa wahala. Harshen da ya ware wa hutu gaisuwa tasa ta kansa, daidai da ta aiki, ya riga ya faɗi wani abu game da darajar hutun. Amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne wannan zama da gaisuwa biyu suka hau kansa ba tare da ɗaya ta ƙaryata ɗaya ba.

A wasu ƙasashe kuɗi ake biya don a samu irin wannan zama. A Amurka, cikin duwatsun jihar Karolina ta Arewa, akwai makarantar sana'o'in hannu ta Penland, wadda wata malama mai suna Lucy Morgan ta kafa a 1929. A jihar Maine kuma akwai Haystack, tun 1950. Idan lokacin hutunsu ya zo, likitoci da malamai da ma'aikatan ofis sukan bar gidajensu su tafi can mako ɗaya ko biyu, su koyi saƙa, ko ginin tukwane, ko ƙira, su kwana tare su ci tare, sa'an nan su koma bakin aiki. Da yawa daga cikinsu ba su da niyyar zama masaƙa. Abin da suke nema shi ne su sauke kayan da ke kansu, su bar hannu ya yi aiki, hankali ya sha iska. Labarin irin waɗannan wurare yakan iso kunnen malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, har wasu su fara tambaya: me zai hana a shirya wa malamai irin wannan zama a lokacin babban hutu, a haɗa su da masu sana'a na gargajiya?

Tambaya ce mai kyau, sai dai akwai abin da ta manta. Babban hutun makaranta a Nijar, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, gadon tsarin Faransa ne, kuma a ƙasar Damagaram ya faɗa daidai kan damina. Watannin da mushe ya ajiye alli su ne watannin da manomi ba ya da lokacin ɗaga kai: noman farko, maimai, sa'an nan jiran gero ya nuna alhali rumbu ya yi ƙasa. Ɗalibin da aka sallama daga aji a ƙarshen Yuni, gona ya nufa. Malamin ma, in ɗan ƙauye ne, can zai tarar da gonar gidansu tana jiransa. Wanda ya je Dogo-Dogo a watan Agusta yana neman mai koya masa saƙar faifai zai tarar da gari shiru, sai yara ƙanana da tsofaffin da ƙafa ta gaza. Hutun wannan ƙasa rani ne. Sana'ar hannu kuwa, in ban da ta maƙeri wanda damina ce kasuwarsa, ƴar rani ce tun asali.

Malamin Faransanci ya san cewa kalmar vacances ta samo asali daga wata kalmar Latin mai ma'anar zama fanko, babu komai a ciki. Ya kuma san abin da kan ba ɗalibai mamaki duk lokacin da aka faɗa musu: kalmar école, wadda ta zama lakwal a bakin Bahaushen Nijar, daga Girkanci ta fito, kuma ma'anarta ta farko ita ce sarari, wato lokacin da mutum ba ya ƙarƙashin tilas ɗin neman abinci. A wurin mutanen Girka na da, mai sarari ne yake karatu. Amma wannan sarari na ƴantattu ne masu bayi, kuma a Faransa ma sai a 1936, zamanin gwamnatin Léon Blum, doka ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashinsu. A 1948 aka sa hutu cikin jerin haƙƙoƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ke nan hutun da ake biya sabon abu ne ko a can, kuma da gwagwarmaya aka same shi.

Bahaushe kuwa yana gaida mai hutawa, amma yana sa masa ido. Yana da zaman kashe wando, yana da ɗan hutu, wanda ba yabo ba ne, kuma ya ce da zaman banza gara aikin kishiya. Bambancin da harshen yake yi a fili yake: akwai hutun wanda ya gaji, akwai zaman wanda bai taɓa komai ba. Na farko ana yi masa sannu, na biyu ana yi masa habaici. Sai dai wannan rabo bai ƙare maganar ba, domin ya mai da hutu ladan aikin da ya wuce kawai. Bai ce komai ba game da abin da hutu yake haifarwa.

A nan masu sana'a sun fi malamai sani. A je marinar Ƙofar Mata a Kano a tsaya a kalla. Marini ya zuba baba da toka da katsi a rijiyar rini, ya dama, sa'an nan ya bar ta kwana da kwanaki. Ba abin da zai iya yi don ya gaggauta nunarta. Idan ta nuna ya tsoma zane, ya fito da shi, kuma a wannan lokacin zanen ba shuɗi ba ne, kore-kore yake. Sai ya riƙe shi a iska, a gaban idon mai kallo launin ya juya. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa, har sai ya kai baƙin da ake so. Wanda ya bar zanen a cikin ruwa bai ɗaga ba, ko zai wuni, ba zai samu launi ba, domin iska ce take kama shi. Rabin aikin rini yana faruwa ne a lokacin da hannun marini ya tsaya. Maginan tukwane na Mirriya sun san irin wannan: yumɓu sai ya jiƙa ya kwana kafin ya yarda da hannu, tukunya kuma sai ta bushe sannu a hankali kafin ta ga wuta, in ba haka ba ta tsage. A majemar Damagaram fata takan yi kwanaki a ruwan bagaruwa. Mai daddawa ta dafa kalwa ta rufe, ta kama harkar gabanta, kuma da za ta riƙa buɗewa kowace sa'a tana dubawa, da ta ɓata. A duk waɗannan sana'o'i jira yana cikin lissafin aiki, kuma gwani shi ne wanda ya san lokacin janye hannu. Ɗan koyo yakan fi shan faɗa a kan garaje fiye da a kan lalaci.

Ko hankalin ɗan Adam ma haka yake? Akwai shaidu. Ibn Haldun ya shafe shekaru yana hidimar sarakunan Magrib da Andalus, ya ga ɗaukaka ya ga kurkuku. A 1375 ya janye zuwa Ƙal'at Ibn Salama, wata ganuwa a ƙasar Aljeriya ta yau, ya zauna kusan shekara huɗu nesa da fada. A can ne, a 1377, ya rubuta Muƙaddima cikin wata biyar. Imam Gazali yana kan ganiyar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza lokacin da harshensa ya ɗaure a 1095, ya kasa ba da darasi. Ya bar kujera da albashi ya tafi Sham da Ƙudus da Makka, ya koma garinsu Ɗus, bai sake zama a kujerar koyarwa ba sai 1106 a Naisabur. Ihya'u Ulumid Din ɗan waɗannan shekaru ne. Masanin lissafi na Faransa Henri Poincaré ya ba da labari a 1908 cewa wata matsala da ya yi ta fama da ita ta warware masa a garin Coutances, a daidai lokacin da ya ɗora ƙafa zai hau keken doki na haya, yana cikin wata tafiya da ba ta da alaƙa da lissafi.

Ana yawan kawo waɗannan labarai, kuma ana yawan yanke musu rabi. Poincaré ya yi makonni yana dukan matsalar kafin ya tashi tafiya. Ibn Haldun ya shiga ganuwa da shekara ashirin na gani da ido a cikin kansa, kuma da ya buƙaci littattafai sai ya bar kaɗaici ya koma Tunis. Rijiyar da ba a zuba mata baba ba, ko ta shekara a rufe, ruwa ne kawai. Saboda haka malamin da bai karanta komai ba wata tara, bai yi fama da wata tambaya ba, kada ya sa ran hutun mako biyu zai haifa masa hikima. Zai dai huta, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

To me ya sa aikin hannu, ba kwanciya ba? Domin hankali ba ya tsayawa don an umurce shi. Malamin da ya kwanta da rana, takardun jarrabawa ɗari da hamsin da bai gyara ba su ne za su kwanta tare da shi, da bashin mai shago, da albashin da ya yi jinkiri. Idan kuwa ya ɗauko waya, ya buɗe wa surutun duniya ƙofa ke nan. Saƙa tana riƙe ido da yatsu daidai gwargwado, ba ta cinye hankali duka, ba ta kuma sake shi ya koma inda ya saba zuwa. Shi ya sa hirar masu tufka take da wani irin zurfi da ba a samu a taron da aka kira don a yi shawara: magana takan fito bayan dogon shiru, ba wanda ya matsa mata. Tatsuniya da karin magana da waƙar daɓe ba a ofis aka haife su ba.

Akwai kuma wani amfani da ya shafi malami shi kaɗai. Mutumin da ya shekara ashirin yana tsaye gaban allo, shi ke tambaya shi ke da amsa, yakan manta yadda rashin sani yake a jiki. A zaunar da shi gaban tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, a miƙa masa kaba. Kafin azahar yatsunsa sun yi ciwo, saƙarsa ta karkace, ta karɓa ta warware ta ce ya sake. Ba ta yi masa bayani da jimla mai tsawo, cewa take ya duba hannunta. A nan zai ɗanɗani abin da yaron aji ɗaya yake ji a ranar da aka fara yi masa magana da harshen da bai taɓa ji a gida ba. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ake ta muhawara kan wannan yaro. Wuni ɗaya a kan tabarmar masaƙiya zai iya sa malami ya fahimci muhawarar fiye da taron bita uku.

Ƙasa ma tana da nata hutu, ko kuma a ce tana da shi a da. Manomi yakan noma gona wasu shekaru, ya bar ta saura, wasu su ce maiso, ciyawa da ƙananan itatuwa su rufe ta, dabbobi su bi ta kai, ƙarfinta ya dawo. A ƙasar Magarya da Dungas, inda jama'a ta yi yawa har gona ta haɗe da gona, wannan ya kusa zama tarihi. Ba mai filin da zai bari ya kwanta. Abin da manoma suka yi bayan farin 1973 da na 1984 ya cancanci a tsaya a kansa. Sun riƙa barin ƴaƴan itatuwan da suka tsiro da kansu a gona, suna sassabe musu rassa maimakon tumɓukewa, musamman gawo. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa a gundumomin Magarya da Matamaye da Mirriya abin ya kai kimanin hekta miliyan 1. Dogo-Dogo tana cikin Magarya a lokacin, domin sai a 2011 Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Gawo kuwa itace ne mai saɓa wa sauran: da damina, lokacin da kowa ya yi kore, shi ya zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe, hasken rana ya ratsa zuwa ga gero, ganyen da ya zuba ya zama taki. Da rani sai ya yi lif, ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya kafa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi. Gonar da ba ta samu shekarun saura ba ta samu wani abu a madadinsu, wato maƙwabcin da yake hutawa lokacin da take aiki. Makarantar allo ma ta daɗe da sanin cewa ba sai an jira ƙarshen shekara ba: Alhamis da Juma'a allo yana jingine.

Har zuwa nan maganar ta yi daɗi, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara. Hoton dattawa a gindin bedi bai nuna waɗanda ba su nan ba. Samarin garin sun tafi cin rani, wasu Kano, wasu Legas, wasu kasuwar Maigatari da ke tsallaken iyaka, wasu har Agadas da Libiya. Sunan ya nuna asalin abin: a cinye rani a wani wuri don a rage wa rumbu baki. A da ma'anar ta haɗa da almajirin da ya bi malaminsa neman karatu, da saurayin da ya tafi ganin duniya ya dawo da sana'a. Yau, ga mafi yawa, tura ruwa ne da dako da gadi, daga Nuwamba har saukar ruwan farko. Wanda ya dawo daga wannan ya kama hauya, bai ga hutu ba ko na kwana ɗaya.

Matan kuwa ba su da rani. Rijiya ba ta san kaka ta wuce ba, turmi ma haka. Tsohuwar da take saƙa a bayan darni ta samu zama ne saboda surukarta tana daka. Kuma tabarmar da take saƙawa ranar kasuwa take jira, inda za ta yi gogayya da tabarmar roba mai arha da launi, alhali kabar kanta sai an yi nisa ko an saya. Abin da malami zai kira hutu, ita abincinta ne. Yana da kyau a tuna cewa Penland ma haka ta fara: Lucy Morgan ta raba wa matan duwatsu kayan saƙa ne don su samu abin shiga, sai daga baya masu sarari suka fara zuwa koyo. Duk ƙungiyar da ta kwashi ma'aikata ta kai su ƙauye su huta a kan gumin masu sana'a, ta ɗauki hotuna, ta sallami masaƙiya da goro da godiya, ta ci amana. Idan ana biyan mai ba da horo daga Yamai kuɗin zama da na mota, masaƙiyar da ta koyar wuni guda malama ce, a biya ta kamar malama, a rubuta sunanta a takardar shaida inda ake rubuta na masu horarwa.

Akwai tarko na biyu, wanda ya fi ɓoyewa. Duk hujjojin da aka jero a sama suna kare hutu ne da abin da yake samarwa: littafi, dabara, launi, amfanin gona. Idan aka tsaya a nan, an mai da hutu baran aiki, ana ba mutum shi ne kamar yadda ake ba injin niƙa ruwa don kada ya ƙone. Wannan shi ne hutun jaki da kaya a ka. Mafi yawan masu hutawa ba za su rubuta Muƙaddima ba. Dattijon da ke tufka igiya ba ya jiran wani tunani ya faɗo masa; ya noma shekara hamsin, ya zauna da tsararrakinsa a inuwa, igiyar kuma za ta ɗaure akuya. In an ce sai hutu ya haifi wani abu kafin ya halatta, to matar da ta fi kowa buƙatarsa ita za a fara hanawa, tunda ba wanda zai zo ya auna abin da hankalinta ya ƙirƙiro. Haƙƙin gajiyayye ne ya huta ko da ba abin da zai biyo baya. Ƙirƙira, in ta zo, ƙari ce.

Saura batun lokaci. Tunda damina ba ta da sarari, akwai gajerun hutu biyu da makaranta take bayarwa, na ƙarshen Disamba da na wajen ƙarshen Maris, kuma dukansu cikin rani suke. Ba sai an gina cibiya ba, ba sai an jira tallafi daga waje ba. Rumfa tana nan, kaba tana nan, masu sani suna nan, yawancinsu iyayen ɗalibai ne. Manhajar firamare ta daɗe da tanadin darasin ayyukan hannu, wanda malamai suka sani da APP, kuma a makarantu da yawa ya ƙare a sharar fili saboda malamin da aka ce ya koyar bai taɓa riƙe kaba ba. Malamai goma daga makarantun Dogo-Dogo da kewaye, masu sana'a uku ko huɗu, kwana bakwai, wayoyi a cikin jaka daga hantsi zuwa la'asar. Kada a sa rahoto a ƙarshe, kada a ce kowa ya tashi ya faɗi darasin da ya koya. A kwana bakwai ba wanda zai gama tabarma. Mai ƙoƙari zai koma gida da faifai ɗaya, ɗan karkatacce, wanda matarsa za ta juya ta duba bayansa, ta yi dariya, ta rufe ƙwaryar fura da shi.